Basir ɗin Gidan Inna A'i

Malam Abdulsalami yana cikin maimai a gonar riɗinsa da ke bayan Kwandiko, sai ya ji babur ya tsaya a bakin hanya. Bai ɗago ba, don ya san ƙarar. Babur ɗin Ɗanbala ne, ɗan gwaggonsa, taubashinsa tun suna yawo ba wando. Abin da ya sa ya ɗago shi ne shirun da ya biyo baya. Kullum daga nesa Ɗanbala yake kwaɗa masa kira, "Bawana, an ba ka kunu kuwa?" Yau kuwa sai ya tako har tsakiyar gona, ya tsaya a kansa.

"Abdu, ajiye fartanyar nan. Ɗanka na Kangire ya yanke jiki ya faɗi a aji, yana cikin biya wa yara karatu. An kai shi babban asibitin Birnin Kudu."

Abin da ya fito daga bakin Abdulsalami shi ne, "To, Allah ya sawwaƙe. Ai Inna tana can." Ya sunkuya ya ci gaba da aiki. Sai da Ɗanbala ya riƙe ƙotar fartanyar sannan ya ga ashe riɗin yake ta sarewa, ciyawar kuwa tana nan tsaye.

"Kai dai Allah ya shirye ka," in ji Ɗanbala. "Hau mu tafi. Ba zan gaya wa kowa ka damu ba."

Izzuddeen shi ne ɗan farin Abdulsalami, kuma a gidansu ba a wasa da kunyar ɗan fari. Tun ranar suna Abdulsalami bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, ba su taɓa sa hannu a kwano ɗaya ba. Da aka yaye shi sai aka kai shi Kangire wurin kakarsa ta wajen uwa, Inna A'i, can ya girma, can ya sauke Alƙur'ani, har ya zama malami a Islamiyyar garin. In uban yana da saƙo, Ɗanbala ne ɗan aike. In sun haɗu, yaron zai durƙusa ya gaishe shi, uban ya amsa yana kallon wani wuri, a rabu. Da uwar yaron, Barira, ta rasu shekara goma da suka wuce, ƙannensa biyu, Ummulkhairi da Fa'izu, suka zauna a Kwandiko hannun ubansu. Su kam yana wasa da su, yana yi musu faɗa, ya san ranar da kowannensu ya kwana da zazzaɓi. Na Kangire kuwa, daga nesa yake son abinsa.

Sun tarar da Izzuddeen a kwance ana ƙara masa jini. Abdulsalami ya tsaya daga bakin ƙofa, ya saci kallonsa sau ɗaya. Saurayi ɗan shekara ashirin da uku, amma wuyansa ya zama kamar na tsohon zakara, tafin hannunsa fari fat. Inna A'i tana zaune a gefen gado tana yi masa fifita da bakin mayafi, tana tsokanarsa irin ta kaka da jika.

"Kai maigida, haka za ka yi mini? Ka bar ni da cefane ka zo ka miƙe a gadon gwamnati? To ni zan nemi wani mijin."

Likitan da ke duba shi, Dakta Khuzaima, mutum ne siriri mai magana a hankali. Ya juyo ya ce, "Wane ne mahaifinsa?"

Ɗanbala ya tura Abdulsalami gaba.

"Malam, tun yaushe yake zubar da jini in ya zaga?"

Abdulsalami ya dubi Inna A'i. Jini? Yau ne farkon jinsa.

"Cikinsa yana ciwo? Yana gudawa? Yaushe ya fara ramewa haka?"

Ko ɗaya bai sani ba. Ya ji kamar an tuɓe masa riga a tsakiyar kasuwa. Inna A'i ce ta karɓe maganar.

"Likita, bar shi, ɗan fari ne, ba ya shiga sha'aninsa. Ni zan gaya maka. Damina biyu ke nan. Basir ne. Ina ba shi jiƙo, yana lafawa ya dawo."

Dakta Khuzaima ya ce basir ba kasafai yake shanye jinin saurayi haka ba, yana so a leƙa cikin hanjin. Akwai na'ura mai kamar siririyar tiyo da kyamara a bakinta, ta dubura ake zura ta a ga abin da ke ciki. Izzuddeen ya juya fuskarsa bango. Abdulsalami ya fice waje, ya zauna a gindin darbejiya yana jan carbi, bai san me yake karantawa ba.

Da sakamakon gwajin ya fito, likita ya kira su ofishinsa: Abdulsalami, Inna A'i, da Izzuddeen da aka turo a keke. Ya juyo musu da allon kwamfuta.

"Wannan hoton hanjin mai lafiya ne. Kun ga cikinsa sumul, kamar cikin kumatu. Wannan kuma na Izzuddeen ne."

Abdulsalami ya matso. Da farko bai gane abin da yake gani ba. Sannan ya gane. Ko'ina tsiro ne, ƙanana da manya, wasu kamar ƙwayar dawa, wasu kamar gujiya, sun yi cincirindo har ba a ganin bangon hanjin. Likita yana matsa hoto, wani yana zuwa, duk haka.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Abdulsalami. "Duk a cikin mutum ɗaya?"

"Sun fi ƙarfin ƙirga. Ɗaruruwa ne."

Inna A'i ta leƙa, ta taɓe baki. "Ai na gaya maka, likita, kada ka wahalar da kanka. Basir ɗin gidanmu ne, gado ne. Malam ma da shi ya zauna."

Dakta Khuzaima ya ajiye biron da ke hannunsa. "Wane Malam, Inna?"

"Maigidana mana, kakan wannan. Uwarsa ce ma ta koya mini jiƙon, sabara da ɓawon marke da 'yar jar kanwa. Ta ce duk namijin gidan sai ya sha."

"Yana ina yanzu?"

"Ya riga mu gidan gaskiya tun ina goyon autata."

"Ya tsufa?"

"Ina fa! Ko furfura ɗaya bai yi ba. Ciwon ciki ne ya ɗauke shi."

"Sai wa kuma yake da basir ɗin?"

"Zulkifli, ɗana, kawun wannan. Shi kam ya fi kowa shan jiƙon, da jarka yake tafiya da shi gona."

"Shi fa yana ina?"

"Ya rasu. Ya bar yara ƙanana." Muryarta ta fara raguwa. "Cikinsa ne ya kumbura."

"Sai wa?"

"Sai Barira, uwar wannan..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta tsaya da baki a buɗe, tana kallon hoton, tana kallon jikanta. Shekara da shekaru tana lissafa mutanen nan a matsayin shaidar cewa ciwon ba komai ba ne, kowa na gidan yana yi. Yau da ta jera su da bakinta, ɗaya bayan ɗaya, sai ta ji abin da ta jera. Mayafinta ya zame daga kanta, ba ta ma sani ba, ga surukinta a zaune.

"Ke kin taɓa yi, Inna?" in ji likita.

"Ni ban taɓa ba," ta ce da ƙyar.

Abdulsalami kuwa hankalinsa ya koma baya. Ya tuna wani ɗaki a asibitin Kano, da wani likita da ya gaya masa wata kalma a kan Barira, kalmar da bai taɓa maimaita wa kowa ba. Bai taɓa kawo wa ransa cewa tana da alaƙa da jiƙon da yake gani tana sha tun tana amarya ba.

Dakta Khuzaima ya juyo gare shi. "Malam, kana da jaki?"

Tambayar ta zo masa a baibai. "Ina da shi."

"Da damina, in shuka ta fito, yaya kake yi da shi?"

"In ɗaure shi a turke, in sa masa dabaibayi."

"Me ya sa biyu?"

"Saboda in igiya ta tsinke, dabaibayi ya riƙe shi. In ba haka ba sai ya shiga gonar mutane."

"To haka Allah ya yi jikinmu. Bangon hanji ƙananan ƙwayoyin halitta ne, ido ba ya ganinsu. Kullum tsofaffi suna zubewa, sababbi suna haihuwa su maye gurbinsu. A cikin kowace ƙwaya akwai wani umarni da aka rubuta, wanda yake ce mata, ya isa haka, tsaya. Mu a likitance muna ce masa APC. Kowa yana da shi guda biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Turke da dabaibayi ke nan. Mai lafiya, ko ɗaya ya lalace a wata ƙwaya, ɗayan yana riƙe da ita. Izzuddeen kuwa an haife shi da na wajen uwarsa a tsinke, a kowace ƙwaya ta jikinsa. Naka kaɗai ke riƙe da shi."

Abdulsalami ya ɗago ya dubi likita.

"Ƙwayoyin hanji ba su da iyaka, kuma kullum cikin haihuwa suke. Yau da gobe, sai a wannan ƙwayar naka ma ya tsinke, a waccan ma ya tsinke. Duk wadda ta rasa biyun, ba mai ce mata tsaya. Sai ta yi ta haihuwa har ta tara tsiro. Kowane tsiro da ka gani a hoton nan, jaki ne da ya kwance. Tsiron kansa ba daji ba ne tukuna. Amma yana nan yana girma, wasu umarnan suna ƙara lalacewa a cikinsa, wata rana ɗaya zai rikiɗe ya zama ciwon daji, ya huda bangon hanji ya tafi hanta. Mai tsiro ɗaya yana iya tsufa bai gamu da wannan ba. Mai ɗaruruwa kuwa, in aka bar shi, da wuya ya wuce shekara arba'in."

"Jiƙon fa?" in ji Inna A'i. "Ni na kashe su?"

"A'a, Inna. Jiƙo bai sa musu ba, bai kuma cire musu ba. Yana kwantar da ciwon ciki, sai a ga kamar an samu sauƙi, shi ke nan. Ba wanda ya yi laifi. Kuma ba kowane ɗa ke gada ba. Duk ɗan da mai shi ya haifa, ko ya ɗauko mai kyau, ko ya ɗauko tsinkakken, rabi da rabi ne. Malam, akwai ƙannensa?"

"Biyu," in ji Abdulsalami.

"Sai an duba su. Da 'ya'yan Zulkifli."

Sai a lokacin Izzuddeen ya yi magana, kansa a sunkuye. "Likita, ni yanzu mene ne magani?"

"Naman da muka ɗiba daga manyan bai nuna daji ba, alhamdu lillahi. Amma ba za a iya tsince su ɗaya-ɗaya ba. Babban hanjin za a cire gaba ɗaya, a haɗa ƙaramin da ƙasa. Mutum yana rayuwa ba shi, ya yi aure, ya yi noma. Sai dai kafin ɗinkin ciki ya warke, za a fito da bakin hanji ta gefen ciki, a manna jaka, bayan gida ya riƙa zuba a ciki na wasu watanni. Daga baya a mayar."

"A yanka ni ke nan."

"A yi maka aiki."

Izzuddeen ya ce zai yi istihara. Da jininsa ya ɗan dawo aka sallame shi, ya koma Kangire, ranar da aka sa masa ya dawo kuwa bai dawo ba.

Dakta Khuzaima ya kira Abdulsalami a waya. "Malam, ba na son a ɗauki lokaci. Akwai manya a ciki da ban yarda da su ba. Kai ne ubansa, ka zaunar da shi."

Abdulsalami ya ce to. Ya kashe wayar, ya aika Ɗanbala.

Ɗanbala ya dawo yana fifita da hula. "Ɗan nan naka ya fi ka taurin kai, kuma ban san akwai wanda ya fi ka ba. Ya ce yana jan sallah in liman ba ya nan, yaya zai tsaya gaban Ubangiji da najasa a rataye a ciki?"

Abdulsalami ya je wurin Malam Nuru, shugaban Islamiyyar, ya roƙe shi. Malam Nuru ya zaunar da Izzuddeen, ya nuna masa cewa mai lalura irin wannan alwalarsa ta yi, sallarsa ta yi, addini bai ƙuntata wa kowa ba. Izzuddeen ya saurara da ladabi, ya ce ya san hukuncin, shi da kansa ya karantar da shi. Amma ajali ba ya gaba ba ya baya, kuma shi ba za a sa masa wuƙa ba.

Kwanaki suna tafiya. Gero ya yi bununi, Abdulsalami bai lura ba. Tuwo ya daina wuce masa. In Fa'izu ya fito daga banɗaki sai ya bi shi da kallo, yana so ya tambaye shi, yana tsoron amsar. Ummulkhairi ta ce, "Baba, wai me na yi ne kake ta kallona?" Ya ce ba komai, ya tashi ya fita.

Ranar kasuwar Gwaram Ɗanbala ya same shi a rumfar mai shayi, shayin ya huce a gabansa.

"Abdu, ka aika taubashi, ka aika malami. Saura jakin naka, shi ma ka aika shi ko zai fi mu baki."

"Ɗanbala, ba na son wasa yau."

"Ni ma ba wasa nake ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kakanninmu da suka ce a ji kunyar ɗan fari, ba su ce a tsaya ana kallo har a binne shi ba. Yaron nan akwai abin da ke cikinsa da bai gaya mana ba. Maganar alwala duk lulluɓi ce."

"In na je me zan ce masa? Ban taɓa..."

"Ka ce masa salamu alaikum. Sauran zai zo."

Da la'asar sakaliya suka isa Kangire. A al'ada Abdulsalami a zaure yake tsayawa, a yi masa iso, ya gaida surukarsa daga bakin ƙofa ya juya. Yau sai ya yi sallama ya wuce har tsakar gida. Inna A'i tana tankaɗe, ta gan shi, ta ajiye rariya, ta shige ɗaki ta saki labule. Tukunyar jiƙon tana kife a gindin rumbu.

Izzuddeen yana can bayan ɗakuna yana zuba wa awaki harawa. Da ya ga ubansa ya durƙusa ya gaishe shi, ya miƙe zai ba shi wuri kamar yadda ya saba.

"Zauna," in ji Abdulsalami.

Yaron ya tsaya cak, ya waiga ko da wani ake. Sannan ya zauna a kan turmin da ke kife. Uban ya zauna a kan wani kututture, suna fuskantar awaki su biyun.

Abdulsalami ne ya fara magana.

"Me ya sa ba ka koma ba?"

"Baba, ajali..."

"Na ji wannan a bakin Malam Nuru. Ni gaya mini naka."

Izzuddeen ya tsinci wani kara yana karyawa. Da ya yi magana, muryarsa ta koma ta ƙaramin yaro. "Da ƙafarta mahaifiyata ta shiga mota, ranar da ta biyo yi wa Inna sallama. Ina tsaye a ƙofar gidan nan ta ɗaga mini hannu. Aka ce za a yi mata aiki a Kano ta dawo. Da aka dawo da ita ko zama ba ta iya yi. Kowa a garin nan ya san wuƙar likita ce ta kashe ta. Ni in zan mutu, gara in mutu da cikina a rufe."

Abdulsalami ya juyo, karo na farko a rayuwarsa ya dubi ɗansa ido cikin ido. Idanun Barira ne sak. Shekara goma yaron yana ɗauke da wannan, a gida ɗaya da kakarsa, tafiyar babur daga ubansa, ba wanda ya sani.

"Ba a yi mata aiki ba," ya ce.

"Baba?"

"Buɗewa suka yi suka rufe. Ina tsaye likita ya fito, ko rabin sa'a ba a yi ba. Ya ce Malam, ciwon daji ne a hanji, ya riga ya kama hanta, ba abin da za mu iya cirewa. Ya ce da a ce an zo da ita tun abin yana wuri ɗaya, da an yanke an yar. Na ce tun yaushe ke nan? Ya ce shekaru. Shekarun nan kuwa tana gabana, tana shan jiƙo, tana daka, tana goyon Fa'izu. Da muka dawo aka tambaye ni, na ce ajali ne, don ba a son kiran sunan ciwon nan a gida. Mutane suka ƙarasa labarin da kansu."

Karan ya faɗi daga hannun Izzuddeen.

"Ni na yi jinyarta har ƙarshe. An hana ka shiga, an ce kai yaro ne. Ba zan gaya maka abin da na gani ba. Amma na roƙi Allah kada ya sake nuna mini irinsa, ko a kan maƙiyina. Ita ta je a makare. Kai likita ya ce ba ka makara ba. Abin da na yi ta roƙo a ba ta ba a samu ba, shi aka miƙo maka, kana cewa ba ka so."

Wata akuya ta matso tana jan bakin rigar Izzuddeen, bai kore ta ba. Hawaye yana zuba a gemunsa.

"Ga su Ummulkhairi," in ji uban. "Su ma sai an leƙa nasu. In kai babba ka gudu, da wane baki zan ce su tsaya?"

Daga cikin ɗaki aka ji Inna A'i tana fyace hanci. Ta ɗaga murya ta ce, "Maigida, in ba ka je ba, wallahi na sake ka!"

Izzuddeen ya yi wata 'yar dariya da kuka a ciki. Ya share fuska da hannun riga. "Baba, za ka kasance a wurin?"

"Ina bakin ƙofa."

Ranar aikin, tun hantsi aka shiga da shi, har aka yi azahar, aka yi la'asar. Abdulsalami yana kan benci a bakin ɗakin tiyata, duk sanda ƙofa ta motsa sai ya miƙe. Da rabin sa'ar farko ta wuce ba a fito ba, ya ji wani abu ya sauka daga ƙirjinsa, don ya san wannan karon ba buɗewa da rufewa ba ne. Ɗanbala ya kawo masa ƙosai, ya ce, "Ci, bawana, kada a fito da ɗa a shiga da uba." Bai ci ba.

Can Dakta Khuzaima ya leƙo, da koren kaya, gumi ya jiƙa masa hula. "An gama lafiya, yana farfaɗowa. Malam, zo ka gani da idonka."

A wani ƙaramin ɗaki, a cikin farar roba, ga hanjin an tsaga shi a tsaye an shimfiɗa. Hoto daban, ganin ido daban. Abdulsalami ya sha yanka rago, ya san yadda cikin hanji yake. Wannan kuwa ko wurin sa kan yatsa babu, tsiro a kan tsiro tun daga wannan baki har wancan. Ya dafa bango.

Likita ya sa almakashi ya nuna wani guda can ƙasa, ya fi sauran girma, ya yi duhu, tsakiyarsa ta lotsa. "Taɓa nan da safar hannu. Ka ji tauri? Sauran duk laushi gare su. Wannan ban yarda da shi ba, ina jin ya fara juyawa. Na duba hanta da hannuna, tana da kyau, bangon hanjin ma ta waje lafiya lau. Za mu aika a auna a tabbatar. Amma da an kai wata daminar, da wata maganar muke yi."

Abdulsalami yana ta kallon abin nan da bai fi goro ba. Sannan ya ce, "Likita, in an gama aunawa a ba ni in binne. Jikin mutum ne."

"Za a ba ka abin da ya rage, in sha Allahu. Ranar Litinin kuma ka kawo mini yaran."

"Zan kawo su. Da na Zulkifli, ko uwarsu ta yarda ko sai na kwana a ƙofarta."

Bayan kwana biyu Izzuddeen ya fara shan ruwa-ruwa. Wata ma'aikaciyar jinya, Sista Sharifa, ta shigo da tire, ta ja labule ta zagaye gadon. Ta ɗaga rigarsa, ga jakar manne a gefen dama na cikinsa, ta cika rabi. Izzuddeen ya runtse ido, ya kau da kai.

"To, 'yan uwa," in ji ta, "kafin hannunsa ya yi ƙarfi, sai wani ya koyi yadda ake zubarwa da canzawa. Ba wuya, amma sai mai haƙuri da wari. Wa zai koya?"

Inna A'i ta fara kiciniyar tashi daga tabarma, tana dafa gwiwa. Ɗanbala ya duba silin kamar an kira shi daga can.

"Inna, yi zamanki," in ji Abdulsalami.

Ya naɗe hannun rigarsa har gwiwar hannu, ya karɓi safar roba, ya yi ta fama da ita don yatsunsa na manomi sun yi mata kauri. Sista Sharifa ta taimaka masa ya sa. Ya matso bakin gadon, ya sunkuya.

"Nuna mini daga farko," ya ce. "A hankali, don ni ban yi boko mai nisa ba."